Idan Injin Tsohuwar Mota Ya Ɗau Zafi a Dubai

A Dubai zafin Yuli da Agusta yakan wuce digiri 40, kuma tsohuwar mota ce ke fara gazawa, musamman a cunkoson Deira.

Idan allurar zafi ta doshi ja, a raɓe gefen hanya a kashe inji. Kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce sarai, domin tafasasshen ruwa zai feso ya ƙona fuska. Bayan ya huce, a duba ko ruwa ya ragu, ko tiyo ya tsage yana ɗiga. In za a ƙara, a zuba ruwan lagireto na kanti, na famfo yana kawo tsatsa.

Sannan a zaro sandar auna baƙin mai. In man ya koma kamar shayi da madara, alama ce gasket ya ƙone. Kada a sake tayar da motar, a ja ta zuwa wurin bakanike a Al Quoz.

Motar da ta haura shekara 3 sai an gwada ta kowace shekara kafin RTA ta sabunta rajistarta. Kada mu jira ranar gwaji, domin ran wanda muka ɗauka amana ne. Allah ya kiyaye hanya.