Maganin Shaƙa Ga Mai Toshewar Huhu

A gidajenmu da yawa akwai dattijo ko dattijuwa mai tari shekara da shekaru, da an ɗan yi tafiya sai haki. Sau da yawa hanyoyin iska na huhu ne suka ƙuntata saboda hayaƙin taba ko na itacen girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo ya kashe mutum miliyan 3.5 a 2021.

Akwai maganin shaƙa da ke sassauta tsokar da ta kewaye hanyoyin nan, su buɗe, iska ta wuce. Salbutamol yakan kama aiki cikin 'yan mintoci, ƙarfinsa ya kai kamar awa 4. Tiotropium kuwa sau ɗaya ake shaƙa kowace rana, ko da an ji sauƙi. Bayan an shaƙa, a riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10.

Sai dai mu lura, magani yana sauƙaƙa numfashi, ba ya mayar da huhun da ya lalace. Don haka mu taimaki maigida ya bar taba, mu fitar da murhu sarari. Mai dogon tari kuwa mu kai shi asibiti a gwada, domin tarin fuka maganinsa dabam ne.