Kaza da Agwagwa a Kwatarkwashi: Dukiyar da Ɓarawon Shanu Ba Ya Korawa

A ƙasar Zamfara, da can a turke ake gane arzikin mutumin karkara. Wanda ya samu rarar amfanin gona sai ya sayi maraƙi ko shanun huɗa, uwargida kuma ta ɗaure tunkiya ko akuya. Kaza ba ta shiga lissafi. Ta yara ce da tsofaffi, sai baƙo ya sauka ko an yi haihuwa ake tunawa da ita. Yau a Kwatarkwashi, garin nan na ƙaramar hukumar Bungudu da ke gindin dutse a kan hanyar Gusau zuwa Tsafe, da ƙauyukan da ke kewaye da shi, lissafin ya juya. A gidaje da yawa turke ya bushe, akurki ne ke da rai. Kaza da agwagwa da zabo sun tashi daga abin sha'awa sun zama asusun gida: kuɗin magani, kuɗin makarantar allo da ta boko, kuɗin sabulu, wani lokacin har kuɗin awo.

Babban dalili kowa ya san shi. Tun wajen 2011 satar shanu ta kankama a Zamfara, ta rikiɗe ta zama fashin daji da garkuwa da mutane. Sa a ƙofar gida ya koma talla ga masu leƙen asiri. Wanda aka kore wa garke sau ɗaya, da wuya ya sake zuba kuɗinsa a abin da za a iya kaɗawa daji cikin dare guda. Kaza kuwa ba a kora ta. Ɗan bindiga na iya kama biyu ya gasa, amma ba zai tsaya tattara kaji talatin ba. Mutanen da suka gudo daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu suka fake a Gusau ko a garuruwan bakin titi, abin da suka iya fitowa da shi sau da yawa bai wuce tabarma da tukunya da kaji a kwando ba. A gidan haya ko kangon aro babu wurin saniya, amma ana samun lungun da za a kifa akurki. Da gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako ta kuma hana safarar dabbobi a 2021, lokacin da aka katse layukan waya, mai rago ya rasa inda zai kai shi, mai kaza kuwa maƙwabcinta ma ya ishe ta ciniki.

Sai tsadar rayuwa ta zo ta ɗora. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Matar da ke cikin kulle ba ta da sana'o'i da yawa da za ta yi ba tare da jari mai nauyi ba. Kaza guda da zakaran maƙwabta sun isa farawa. Abin da ya ƙara wa harkar armashi a wurin mata shi ne kuɗin kaza nasu ne. Maigida bai cika sa baki a cinikinta ba, sai dai ya ranta, biya kuma sai Allah ya hore.

To amma yawan masu kiwo bai zama yawan riba ba, kuma a nan ne maganar take.

Kazar Hausa takan yi ƙwai goma zuwa goma sha biyar, ta kwanta kwana 21, ta fito da yawancinsu. Sau uku ko huɗu take yin haka a shekara. Da duk abin da ta ƙyanƙyashe zai rayu, da mai kaza biyar ta wuce neman rance. Sai dai kafin wata biyu sau da yawa rabin 'yan tsakin sun tafi, wani lokacin fiye. Shirwa da shaho na sama, kuma Kwatarkwashi ba baƙuwar tsuntsaye masu farauta ba ce, tunda dutsenta ya yi suna da mikiya tun zamanin bikin Baura na maguzawa. A ƙasa akwai muzuru da tunku da gafiya da maciji. Ruwan sama na farkon damina kan kashe na kashewa cikin yini guda, ƙuma da ƙwarƙwata su tsotse sauran. Ga babur, ga yaran unguwa. Uwa tana jan 'ya'yanta bola tun suna kwana biyu, domin babu wanda ya ajiye musu tsaki da ruwa a inuwa. Yawancin wannan asara ta satin farko zuwa na shida ce, kuma maganinta bai wuce babban kwando ko keji da za a tsare su, da ɗan tsaki da gara da ruwa mai tsabta ba. Sai dai ita ma garar yanzu ta yi wuya: yaron da a da ake aika shi bayan gari ya ɗebo, yau uwarsa ba za ta yarda ya yi nisa ba. Haka dusa. Inda aka hana noma, ko aka sa wa manoma haraji kafin girbi, surfe ya ragu, dusar da ake bayarwa kyauta ta koma ta sayarwa a mudu. Rashin tsaron da ya tura mutane kiwon kaji shi ne kuma ya rage abin da kajin za su ci.

Duk wannan ƙarami ne idan aka gwada da ciwon da ke zuwa da hunturu. Mata kan ce "ciwo ya shigo gari," kuma kowa ya gane. Kaza ta takure, ta saki fukafukai, tana gyangyaɗi, tana koren zawo, numfashi na ƙara, wasu wuyansu ya murɗe. Cikin mako guda sai a share akurki. Likitocin dabbobi na kiran cutar Niyukasil, sunan garin Ingila da aka fara tantance ta a 1926, kuma ƙwayar bairos ce ke kawo ta. Wannan bayanin na da amfani a aikace, domin yana nufin kafso ja-da-rawaya da ake farkewa a zuba a ruwa ba ya taɓa ta, haka jiƙon maɗaci da barkono da toka. Wadda ta tashi bayan an ba ta, da ma mai tashi ce. Abin da kafson ke bari shi ne saura a nama da ƙwai, da ƙwayoyin cuta da suka saba da magani, waɗanda wata rana za su iske ɗan'adam a asibiti.

Yadda ciwon ke yaɗuwa ma da hannunmu a ciki. Da zarar kaza biyu sun faɗi, sai a kwashi sauran a yi kasuwa da su kafin su mutu. Dillali ya haɗa su keji guda da masu lafiya. Wata ta ga araha ta saya, ta kai gida ta saka cikin nata. Wadda ta mutu kuma a jefa ta bola, kare ya ja ta zuwa wata unguwa. Ba na ganin laifin matar da ta sayar. Jarinta ke nan gaba ɗaya, kuma babu mai biyan ta diyya. Amma sakamakon shi ne kasuwar mako ta zama tashar rarraba cuta, daidai lokacin da dillalai ke tara kaji don Kirsimeti da sabuwar shekara.

Abin takaicin shi ne rigakafin yana nan, kuma a ƙasar nan ake yin sa. Cibiyar binciken magungunan dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin na Lasota da kuma wani mai suna I-2, wanda masana a jami'ar Kwinsland ta Ostareliya suka samar musamman don kajin ƙauye, saboda ya fi jure zafi. Ɗigo ɗaya ne a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Kuɗin ɗigon bai kai na ƙwai guda ba. Me ya hana shi isa tsakar gida? Kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, in an haɗa ta kuma ba ta daɗewa, don haka mai kaza bakwai ba za ta saya ita kaɗai ba. Wutar da za ta riƙe firji babu tabbas, har wani ya sayi wanda ya riga ya mutu a shago, ya ɗiga, kajin su mutu, ya rantse ba zai ƙara ba. Ma'aikacin dabbobi namiji ne, kajin na cikin gida wurin mata, kuma hanyar ƙauye ta zama abin tsoro. Akwai kuma masu jira sai ciwo ya shigo sannan su nemi rigakafi, alhali a lokacin ya makara.

A gefe guda wani sabon salo ya shigo, musamman a Gusau da gidajen ma'aikata: kiwon fararen kajin gidan gona, da waɗanda ake kira maja, irin su Noiler da kamfanin Amo ke ƙyanƙyashewa a jihar Oyo. Akwai kuma ShikaBrown ta cibiyar Shika da ke Zariya, mai ƙwai, da FUNAAB Alpha ta Abekuta. Saurin girmansu ne ke jan mutane. Farar kaza takan kai yanka a sati shida zuwa takwas, ta Hausa kuwa sai ta yi wata biyar ko shida. Amma kowace fara za ta ci kilo huɗu zuwa biyar na abincin buhu kafin nan, wato kaji 50 na buƙatar kusan buhu takwas zuwa goma masu kilo 25. Farashin buhun na bin masara da waken suya, masara kuma na bin naira da tsaro. Ga 'yan tsakin da ke shan doguwar tafiya daga kudu kafin su iso, ga zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40, wanda ke kifar da farar kaza mai ƙiba a ɗakin kwano. In ta kai lokacin sayarwa kuma ba ta jira. Kowace rana cin riba take yi. Masu ƙwai sun ɗanɗana irin wannan a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, da kiret-kiret suka lalace don babu mai tsabar saye. Maja ta fi dacewa da tsakar gida domin tana iya kiwo da kanta, amma ba ta cika kwanci ba, don haka duk zagaye sai an koma wurin dila. A ganina, wadda ta sayar da kajin Hausarta duka ta zuba a farare ta bar asusu ta shiga kasuwanci, kuma kasuwancin da ba ita ke yanka farashin komai a cikinsa ba.

Agwagwa ita ce aka fi zalunta a wannan lissafi. Irin wadda muke da ita, mai jan fuska, asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma ta karɓi ƙasar nan sosai. Ciwon hunturu bai cika kayar da ita ba, toronta ya ninka zakara nama, tana cin ciyawa da ƙwari da ragowar tuwo, kwancinta na kwana 35 kuma ba ta wasa da shi. Abin da ke rage mata daraja ƙazanta ce: tana dama ruwan wanke-wanke, tana ɓata tsakar gida, shi ya sa wasu ba sa cin namanta kuma kasuwarta ba ta kai ta kaza ba. 'Ya'yanta ma na da rauninsu. Rana na kashe su, suna faɗawa bokiti su kasa fita, kuma ruɓaɓɓiyar masara ko ƙuliƙuli mai fumfuna na gamawa da su da wuri fiye da 'yan tsaki. Sannan juriyar tata na da wani gefe: tana iya ɗaukar cuta ba ta nuna ba, ta shafa wa kaji a kaskon ruwa. Tun da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a gonar Sambawa da ke Jaji a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, ta kuma dawo a 2015 da 2021, likitoci ke gargaɗin a raba makwancin agwagi da na kaji. A gidan da mutum goma ke raba ɗaki biyu, wannan shawara ta fi sauƙin faɗi.

Zamfarawa na da wani dalili na daban na lura da agwagwa. A 2010, kafin a gano gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje, agwagi ne suka fara ƙarewa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Mutuwar tsuntsayen gida da yawa a lokaci guda labari ne da ya kamata ya kai kunnen ma'aikacin lafiya.

Tasirin wannan kiwo a kan abincin yara bai kai yadda ake zato ba. Jihar na cikin waɗanda tamowa ta fi addaba, amma ƙwan da kaza ta yi ko dai a bar mata ta kwanta ko a sayar, kuma har yanzu akwai masu camfin cewa yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata. Gaskiyar ita ce wadda ta san rabin 'yan tsakinta za su mutu ba za ta yarda a dafa ƙwai ba. Sai mutuwar ta ragu sannan za a samu rarar da za ta shiga tukunya.

Gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024, kuma yawancin maganar da ake yi a kanta ta shanu ce da burtali. Ma'aikatar gona ta Zamfara da ƙananan hukumomin Bungudu da Tsafe da Gusau ba sa buƙatar jiran wannan. Rabon kajin tallafi ga zawarawa da 'yan gudun hijira ba tare da rigakafi ba, hunturu ɗaya ke cinye shi. Abin da ya fi shi araha shi ne a koya wa mata biyu ko uku a kowace unguwa ɗiga maganin, a ba su akwatin sanyi, su riƙa karɓar ɗan lada a kan kowace kaza, a kuma tabbatar kwalaben sun iso daga Vom a watan Oktoba, kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa.