Idan Land Cruiser Ta Fara Ƙwanƙwasa A Hanyar Omdurman

Fataken da suka saba sayayya a Kasuwar Libiya ta Omdurman sun san darajar Land Cruiser, amma ita ma tana ciwo. Kafin ka kai ta wurin bakanike a Khartum, kasa kunne tukuna. Idan sai a gargada take ƙara, yawanci shakazoba ne ko bushin. Idan mai fetur ce, kuma sai ka taka totur take yi, zargi man jarka. Amma idan ƙarar na bin gudun injin, fitilar baƙin mai ta kama, kashe ta nan take a jawo ta. Tun ɓarkewar yaƙin 2023 kayan gyara suka yi tsada, injin da ya buga kuwa sai ya cinye ribar tafiyar.