Nalanda: Kangon makarantar da ɗalibanta suka ceci ilminta

Kimanin kilomita 90 daga Patna, babban birnin jihar Bihar ta ƙasar Indiya, akwai wani fili cike da gine-ginen jan tubali marasa rufi. Nan ne Nalanda, inda sufayen addinin Buddha suka yi ɗaruruwan shekaru suna karatu da karantarwa.

Mai ziyara zai tarar da gidajen sufaye 11 a jere, kowanne da tsakar gida da ƙananan ɗakuna kewaye da ita, wasu har da rijiya. Daura da su akwai wuraren ibada. Mafi shahara shi ne ginin da ake dangantawa da Sariputra, almajirin Buddha, wanda aka yi ta ɗora sabon gini a kan tsohonsa.

An kafa Nalanda a ƙarni na 5, zamanin Sarki Kumaragupta na ɗaya. Bayan ilmin addini, ana koyar da mandiƙi da nahawu da likitanci. Xuanzang, sufin da ya taso daga ƙasar Sin ya yi karatu a nan a shekarun 630, ya rubuta cewa tun a bakin ƙofa ake jarraba baƙo da tambayoyi, kuma akasarin masu zuwa juyawa suke yi.

Wajen shekarar 1200, hare-haren mayaƙa da ƙarancin tallafin sarakuna suka durƙusar da makarantar, ƙasa ta binne ta sannu a hankali. Amma kafin nan ilminta ya riga ya yi tafiya. Xuanzang kaɗai ya koma gida a 645 da littattafai 657, ya ƙarar da rayuwarsa yana fassara su. Littattafai da dama da asalinsu na harshen Sanskrit ya ɓace, yau a fassarar Sinanci da ta Tibet ake karanta su.

Labarin tafiyar Xuanzang ne kuma ya taimaka wa Alexander Cunningham wajen tabbatar da wurin a shekarun 1860. Aka fara haƙa sosai a 1915, sannan a 2016 hukumar UNESCO ta sa Nalanda cikin wuraren tarihi na duniya.

Ɗakunan ajiyar littattafan Nalanda sun salwanta da abin da ke cikinsu. Daga cikin abin da ya kuɓuta akwai wanda baƙin ɗalibai suka kwafa da hannu, suka ketare duwatsu da teku da shi zuwa garuruwansu.