Jan Shayin da Bai Hana Ni Barci Ba

Ni ɓarin goro ɗaya bayan la'asar ya isa ya hana ni runtsawa har asuba. Shi ya sa gabana ya faɗi da uwar masaukina ta dire mini butar shayi bayan isha'i. A Clanwilliam ne, wani ƙaramin gari a gindin tsaunukan Cederberg, fiye da kilomita 200 arewa da Cape Town. Kunyar baƙunta ta sa na shanye kofi biyu, na kwanta ina jiran kwanan zaune. Hasken rana ne ya tashe ni, har sallar asuba na makara.

Me na sha?

Zoɓo na fara zargi, tunda ja ne. Amma zoɓo tsaminsa har haƙori yake kamawa. Wannan kuwa zaƙi-zaƙi ne ko ba sukari, da ƙamshi kamar na zuma da busasshiyar ciyawa. Na soke zoɓo.

Sai na ce ko shayi ne da aka cire wa kafeyin a masana'anta, wato sinadarin nan mai hana barci da ke cikin goro da kofi. Na buɗe butar jiya. Ganyen shayin da muka sani buɗewa yake in ya jiƙu, in ya kwana kuma sai ɗaci. A nan 'yan tsinkaye na tarar, sirara kamar karyayyun allurai. Na kurɓi ragowar, babu ɗaci ko kaɗan.

"Tannie, wane irin ganye ne wannan?" Haka ake kiran inna a Afirkans.

Ta yi dariya. "Roibos ne, ɗana. Jan tsiro ke nan a harshenmu. Je ka gona ka gani."

A gonar sai lamarin ya ƙara rikicewa, don tsiron kore ne shar, tsayinsa ya kai ƙugu, a cikin farin rairayi. To ina jan? A masussuka na same shi. Lokacin girbi ne, wanda ke kamawa daga Janairu zuwa Maris. Da lauje ake yankan rassan, a datsa su ƙanana, a murje, a yayyafa ruwa, a tara tsibi ya kwana. Iska ce ke rina shi, kamar yadda farin goro ke yin ja in an gatsa. Daga nan a baza a rana ya bushe.

Saura barcin. Mai gonar ya miƙo mini wani ɗan kwanso mai ƙwaya ɗaya tak, ya ce in duba da kyau. Kamar kwanson wake ne da aka ƙanƙanta. Ashe roibos dangin wake da gyaɗa ne, ba shi da haɗi da itacen shayi. Ba a cire masa kafeyin ba, tun asali bai zo da shi ba. Ya ƙara da cewa al'ummomin Khoi da San ne ma'abota saninsa na farko, kuma tun wata yarjejeniya ta 2019 suna da kashi 1.5 cikin ɗari na kuɗin da ake sayen ganyen daga manoma.

Na dawo masauki ina yi wa kaina dariya. Wa aka taɓa ji wake ya hana barci? Da daren nan Tannie ta zo ɗauke butar, na dafe hannunta, na tsiyaya kofi na uku.