Suturar Ɗan Makaranta: A Yi Lissafinta Tun Kaka

'Yan'uwa manoma, idan yaro ya sami shiga kwaleji ko jami'a, kuɗin makaranta da na mota da na abinci su muke fara lissafawa. Sutura kuwa sai ana jibi tafiya a tuna da ita. A lokacin ne za a buɗe akwati, a tarar wando ya ɗage, takalmi ya buɗe baki, ga shi kuma ba rigar sanyi. Yawancin makarantu suna komawa ne a ƙarshen damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai shigo ba. Abin da ke biyo baya mun san shi a 'Yandoto da Tsafe da Bungudu: a ci bashin da za a biya da hatsi idan kaka ta yi, ko a kai akuya kasuwa a sayar da ita yadda mai saye ya ga dama.

'Yandoto gari ne da ɗalibai suka riƙa zuwa neman ilmi tun kafin jihadin 1804, saboda haka tura yaro karatu ba baƙon abu ba ne a nan. Yau 'ya'yanmu suna Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, waɗansu suna Kwalejin Ilmi ta Maru, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, ko makarantar koyon aikin lafiya da ke Tsafe. Kowace da irin tufafin da take bukata. Mai koyon aikin lafiya sai da farar riga. Mai koyon malanta kuwa, ranar da za a tura shi koyarwar gwaji dole ya tsaya gaban yara da kaya masu tsabta kwana biyar a mako, har tsawon watanni.

Me ya sa tufafi suka yi tsada haka, alhali muna noman auduga? Dattawanmu suna tuna masaƙar Zamfara da ke Gusau, wadda ta fara aiki a shekarun 1960, ta ɗauki ma'aikata masu yawa. Ta daɗe da tsayawa. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957, ita ma ta rufe a 2002. Yanzu yawancin yadin da ke Kantin Kwari a Kano daga ƙasar Sin ake kawo shi, da dala kuma ake sayensa. A farkon 2023 dala tana wajen N460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura N1,500. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin dakon kaya daga Kano zuwa Gusau ya tashi. Duk wannan a kan wuyan rigar ɗan makaranta yake sauka. Bashin ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 2024 ya zo da N20,000 a wata na ɗawainiya. Wanda ya samu ya ji sauƙi, amma idan an cire abinci da sabulu da takardu, abin da zai rage bai kai a kira shi kuɗin sutura ba. Bashi ne kuma, za a biya.

To, sai mu zo ga gwanjo. Akwai iyayen da har yanzu suna ƙyamarsa, suna cewa kayan matattu ne. Mu dai ba mu ga abin kunya a ciki ba. Kaya ne da mutanen Turai da Amurka da waɗansu ƙasashe suka gama sawa, aka ɗaure su dila-dila, suka shigo ta Kwatano da kan iyakar Nijar, suka bazu daga kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano. Wandon gwanjo mai kyau yakan fi sabon wando mai araha ƙarko nesa ba kusa ba. Amma fa sayensa sai da ido. A ɗaga rigar a duba ta a hasken rana, kada a saya da magariba ko cikin rumfa mai duhu. A duba wuya da hammata da tsakanin cinyoyin wando, nan ne yadi ke fara mutuwa. A ja ɗinki a gani, a gwada zif. Ranar da aka fasa dila, zaɓin farko shi ne mai kyau, shi ne kuma mai tsada. Bayan kwanaki farashi yakan sauko, mai haƙurin tonawa ba ya rasa abin kirki. Idan an kawo gida a wanke da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana, a goge kafin a sa, domin ƙazwa da ƙwarƙwata ba sa tambayar daga wace ƙasa riga ta fito. Kayan ciki kam, a saya sabo ko da ɗaya ne.

Lokacin saye ma rabin ciniki ne. Rigar sanyi da bargo a watan Afrilu ake sayensu, sa'ad da zafi ya hana kowa kallonsu. Wanda ya bari har hunturu ya sauko a Disamba zai biya yadda aka ce masa. Haka nan yadi da ɗinki: gab da Salla ko Kirsimeti teloli ba sa barci, kuɗin ɗinki ya hau, aikin kuma na gaggawa ne. A kai wa tela a lokacin da kekensa ke hutawa. A jiƙa yadin auduga a shanya kafin a yanka, don yakan tsuke. A roƙi tela ya bar ninki a ƙafar wando da gefen riga, yaro mai shekara 18 bai gama girma ba. Atamfa kuma, a goga mata jiƙaƙƙen farin ƙyalle a gefe ɗaya. Idan launi ya fita, zuba za ta yi.

A nan ne ƙungiyarmu ta manoma take da aiki. Yadda muke haɗa kuɗi mu sayi taki da iri a sari, haka za mu iya yi da yadi. Iyalai goma masu 'yan makaranta, idan kowa ya ware mudu kaɗan na waken suya ko dawa tun kaka, aka ajiye a ma'ajin ƙungiya har farashi ya tashi, kuɗin zai sayi bandir guda na yadi a farashin sari. Mutum biyu su tafi Gusau ko Funtuwa su sayo wa kowa. Wannan ya rage kuɗin mota, ya kuma rage yawan mutanenmu a kan hanya. Mun san halin da hanyar Tsafe take ciki saboda 'yan bindiga, ba mu kuma manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma yanke layukan waya. Wanda ya jinkirta sayayyarsa a wannan shekara ya ji jiki. Matan ƙungiya masu keken ɗinki su karɓi aikin, kuɗin ya tsaya a gari.

Akwai wata magana da ba mu cika yi a taro ba. Yarinyar da ta tafi makaranta da zane biyu, ta tarar da 'yan birni masu akwati cike, kunya takan kama ta. Idan ba ta iya faɗa wa iyayenta ba, akwai mazan da ke jiran su saya mata, ba kuwa don Allah ba. Saboda haka kada uba ya sayo abin da ya ga dama ya miƙa. A zauna da ɗalibin a rubuta abin da yake da shi da abin da ya rasa, a gaya masa nawa ne a hannu, a bar shi ya zaɓi launi da ɗinki. Turmin atamfa mai yadi 6 zai ba yarinya riga da zane da kallabi, kuma idan launukan suna shiga juna, kaya uku sai su zama kamar shida. Anko kuwa, na bikin ƙawa da na ƙungiyar ɗalibai da na gama makaranta, shi ne ɓeran da ke cinye kuɗin abinci. A yarda da guda ɗaya a shekara, a faɗa tun daga gida.

Takalmi shi ne abin da ba mu so a yi masa rowa, domin ɗalibi a ƙafa yake yini. Ƙafa ɗaya mai ƙarfi da silifa na wanka sun isa, a kai wa mai gyara ya ɗinke gindin tun yana sabo. A taron ƙungiya na bayan girbi, sakatare ya rubuta sunayen iyalan da ke da ɗalibai, da mudun da kowa zai ware, da mutum biyun da za a aika kasuwa a watan Afrilu.