Masu jiran ruwa a gaɓar Komadugu

A bakin teku, ruwa kan hau duwatsu ya sauka sau biyu a rana, ciyayi da ƙananan halittun da ke manne a jikin dutse kuwa sun saba da jiƙewa da bushewa. Diffa ba ta da teku, amma Komadugu Yobe ma yana hawa da sauka, sai dai nasa sau ɗaya ne a shekara. Ruwan kan taso daga kogunan Haɗeja da Jama'are, ya iso Diffa da damina, ya gangara yankin Bosso da Yebi zuwa tafkin Chadi. Kafin bazara ta yi nisa, sai kududdufai da laka mai tsattsagewa.

To, ina mazauna ruwan suke shiga?

Gaiwa ce gwanar wannan jira. Da ta ji ruwa na janyewa sai ta nutsa cikin taɓo, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙin da ke bushewa ya zama kamar fata. Takan bar ƴar ƙofa daidai bakinta, domin tana da huhu, iska take shaƙa. Haka za ta kwanta watanni ba ci ba sha, tana cin naman jikinta kaɗan-kaɗan. Masunta sun san alamar raminta, da fartanya suke tono ta.

Ƙananan katantanwa ma kan lafe cikin laka har ruwa ya dawo. Dawowarsu kuwa abin damuwa ce, don a jikin wasunsu ne tsutsar tsargiya ke girma kafin ta huda fatar yaro mai wanka ko mai ban ruwan tattasai, daga baya a ga fitsarin jini.

Gansakukar da ake ƙyama ita ce abincin katantanwar, ita ce kuma ke ciyar da karfasa. A ƙetaren tafki, cikin ƙasar Kanem ta Chadi, matan Kanembu na kwasar wani koren kumfa, dangin gansakukar, daga tafkunan kanwa, su shanya shi kan rairayi, su sayar a kasuwa don miya. Dihe suke kiransa. Masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan shi a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena, wajen 1964, bincike kuma ya nuna fiye da rabin nauyin busasshensa sinadarin gina jiki ne. Yau ana noma shi a Amurka da Indiya da Sin da sunan sifirulina.